Gishirin da Salahuddin Yake Sha

Kukan da ƙanena Salahuddin yake yi a cikin salla, imani ne ko ciwo? Shi da kansa ya yi mini tambayar, yana zaune a kan benci a bakin shagona a Kasuwar Umdurman, ana dab da ganin watan azumi. Na ajiye sukudireba na dube shi. Har yau ban samu amsar ba.

Sunana Zubairu, sana'ata gyaran keken ɗinki. Karatun boko ya tsaya mini tun muna yankin Jazira, shekarar da Baba ya gaji da cirar audugar wasu ya kwaso mu zuwa unguwar Hajj Yusuf. Abin da na sani bayan wannan, daga littattafan da ake shimfiɗawa a ƙasa kusa da kasuwar Suk al-Arabi na tsinto shi, waɗanda ɗalibai suka gama da su suka sayar. Ina karantawa da ƙamus a gefe. Mutanen layinmu suna kira na Farfesa, kuma ba yabo suke nufi ba.

Salahuddin kuwa raksha yake tuƙawa, keke mai ƙafa uku. Ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami, kuma shi ke jan tarawihi a zawiyarmu, ɗan masallacin da ke ƙarshen layi. Idan ya kai ayar rahama sai muryarsa ta karye, hawaye su zubo, sahun farko ya ɗauka, na baya su biyo. Mutane sukan baro masallatansu masu fanka da kafet su zo su tsaya a kan tabarmar zawiyarmu don wannan kukan.

Abin da muka ɓoye musu shi ne ciwonsa. Yakan tashi sama, ya daina barci, magana ta riƙa zubo masa ba tsayawa. A azumin da ya gabata abin ya kai ga ya ajiye raksha a tsakiyar gadar Shambat yana tare motoci yana yi wa direbobi bushara. Bayan Salla sai ya faɗo. Ya yi watanni a kwance ya juya wa duniya baya, matarsa Layla tana ɓoye wuƙaƙe da igiyar shanya. Mun gaya wa unguwa cewa malariya ce ta hau masa kai. Wata likita a Umdurman, Daktora Rayan, ita ta ɗora shi a kan litiyam, wani gishiri da ake matsawa a ƙwaya, ya kuma dawo mutum. Yana barci, yana aiki, yana wasa da 'ya'yansa. Wannan azumin shi ne na farko da zai yi da maganin a jikinsa.

Ranar da ya yi mini tambayar, ni na jawo ta. Na daɗe ina bin maganar gishirin nan a wani tsohon littafin ɗaliban likitanci, kuma ina ɗokin in nuna masa na gane.

"Farfesa zai fara," ya ce da ya ga na jawo littafin. "Bari in gyara zama."

"Kowace ƙwayar jijiya da ke cikin kanka tana da riga," na ce, "kuma rigar ta maiƙo ce, kitse siriri wanda ido ba ya gani. A jikin rigar akwai wuraren karɓar saƙo. Idan jijiyar kusa ta aiko da saƙo, ba ya shiga ciki. A waje yake tsayawa ya taɓa wurin karɓa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Da an taɓa, sai wani abu mai aikin almakashi ya tashi daga ciki ya yanka wani irin kitse na jikin rigar gida biyu. Rabi ya zauna a rigar ya tayar da masu aiki a nan, rabi ya faɗa cikin ƙwayar ya buɗe rumbun sinadarin kalsiyam. Da haka ƙwayar take sanin an yi mata magana."

"Sai rigar ta yage ke nan."

"Ana ɗinke ta. Ƙwayar tana tattara guntayen ta mayar da su yadda suke, don saƙo na gaba ya sami abin yanka. To gishirinka nan yake sa hannu, yana rage saurin tattarawar. Jijiyar da ke aikinta a natse ba ruwanta. Wadda ta rikice da aika saƙo ita ce kaya suke ƙare mata, kamar telan da ke taka keke da gudu alhali ana jinkirta masa naɗin zaren ƙasa. Dole ya lafa."

"Littafin ne ya ce haka?"

"Littafin ya ce haka ake zato. Su ma ba su gama sani ba."

Ya bi masu ɗaukar bandiran yadi da kallo suna wucewa.

"To ayar da nake karantawa," ya ce, "ita ma ƙwanƙwasa ƙofa ce? Tun da na fara shan abin nan idona ya bushe, Yaya. Ina karanta ayar da take sa ni kuka, ina jin ma'anarta, amma ba ta kai inda take kaiwa. In gishiri zai iya tsayar da shi, to kukan nan me ne tun farko?"

Na buɗe littafin kamar amsar tana ciki, sannan na rufe.

Sai na koma kan abin da na sani. Daktora Rayan ta riga ta gaya masa kada ya yi azumi bana. Ta ce litiyam da ruwa yake tafiya a jiki, ƙoda ce ke fitar da shi, kuma in jiki ya bushe sai ya taru ya zama guba. Azumin ya faɗo a tsakiyar bazara, shi kuma wuni yake yi a raksha a cikin rana.

"Limamin da ba ya azumi?" ya ce. "In tsaya gaban mutanen da suka wuni da ƙishi, ni cikina cike da ruwa?"

"Allah ya ɗauke wa marar lafiya."

"Ka ga alamar marar lafiya a jikina? Sai dai in tashi in gaya musu wane irin ciwo ne. Daga nan kowa zai tuna gada."

"To ka sha a ɗaki. Wa zai sani?"

"In sha a ɗaki, in fito ina lasar leɓe kamar mai ƙishi? Ba zan sha ba, Yaya. Ko a ɗaki ko a waje."

Aka ga wata. Zafin shekarar nan ya sa kwalta tana kama takalmi, wutar lantarki kuma tana ɗaukewa daidai lokacin da aka fi bukatarta. Salahuddin ya mayar da shan ƙwayarsa lokacin buɗa-baki da sahur, ya ci gaba da fita aiki. Tarawihinsa ya fito daidai, ba kuskure ko na wasali, amma babu wanda ya share ido. Na ji Hajji Adam, dattijon da ke riƙe da al'amuran zawiya, yana ce wa wani a bakin ƙofa, "Karatu dai ga shi nan, kamar na rediyo." Baƙin da suke zuwa daga nesa suka fara raguwa.

Sai ciwon kai ya kama shi, irin na mai wuni a rana ba ruwa. A wurinmu kowa ya san hukuncin cewa allurar da ake yi a tsoka ba ta karya azumi, tunda ba abinci ba ce kuma ba ta bi ta maƙogwaro ba. Saboda haka da azahar za ka ga mutane sun yi layi a shagon magani, leburori da direbobi, kowa yana jiran a soka masa allurar kashe ciwo ya koma bakin aiki da azuminsa. Salahuddin ya shiga layin. Ya ji daɗin abin, ya mayar da shi na kusan kullum. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa babu abin faɗa. Ya tambayi hukuncin addini, an ba shi, kuma daidai ne.

A layinmu, kamar ko'ina a ƙasar nan, maza a waje suke buɗa-baki. Ana shimfiɗa tabarmi a gefen titi, kowane gida ya fito da tirensa: tuwon asida da miya, dafaffen wake, dabino, da jug na hilu-mur mai sanyi, abin shan azumi da ake yi da dawa. Idan rana ta kusa faɗuwa Hajji Adam yakan kwance rawaninsa, shi da wani su riƙe bakinsa biyu su tare titi, duk motar da ta zo sai ta tsaya mutanen ciki su sauko su sha ruwa da mu. Wanda ya ce yana sauri sai a rantse masa.

Wata ranar a farkon goman tsakiya aka tare wata bas cike da fasinja. Na lura Salahuddin ya ɗauki kofi da hannu biyu, duk da haka rabin abin ya zube a jallabiyarsa. Ya ce mini cikinsa ne ya ɓaci tun jiya. Da aka tayar da sallar magariba ya shige gaba, ya yi kabbara, ya fara Fatiha. Harshensa ya yi nauyi kamar an cika masa baki da tuwo. Haruffan da ya fi kowa iya fitarwa suka riƙa manne wa juna. Da ya sunkuya ruku'u sai ya yi tangaɗi ya dafa ƙasa. Wani daga cikin fasinjojin, a sahun baya, ya ce da Larabci, ba a hankali ba, "Wannan da me ya buɗa baki?"

Na sallame na riƙe shi. Hajji Adam ya matsa gaba ya ƙarasa da mutane. Wani maƙwabci ya tuƙa rakshar Salahuddin, ni ina baya ina rungume da shi, jikinsa yana karkarwa, har muka haye kogi zuwa asibiti.

Washegari da hantsi Daktora Rayan ta zo da sakamakon jini. Mace ce 'yar gajera, ba ta ɗaga murya. Salahuddin yana kwance an sa masa ƙarin ruwa a hannu, Layla tana zaune a bakin gado.

"Gishirin ya taru fiye da abin da ƙishi kaɗai zai yi," ta ce. "Me kuma kake sha, ya Ustaz?"

"Ba na shan komai, Daktora. Ina azumi."

"Ba ka sha, to. Me ake sa maka?"

Ya gaya mata maganar allurar, har da hukuncinta. Ta tambayi sunan allurar, ya ce diklofenak. 

"Hukuncin ban da ja a kai, ba fannina ba ne," ta ce. "Amma ƙodarka ba ta san allura ba ta karya azumi ba."

Na matso, na ce na karanta yadda gishirin yake aiki a kitsen rigar jijiya, amma ban ga inda ƙoda ta shigo ba.

"Kai ne yayan da yake ba ni labarinsa? To daga rigar nan dai. Ba irin kitse ɗaya ake yanka ba. Akwai wani da ake cirowa daga cikinta a yi wani saƙo da shi, wanda yake sa jijiya ta ƙara jin zafin ciwo. Allurar tana hana yin wannan saƙon, shi ya sa ciwon kai yake tafiya. Amma irin saƙon nan shi ne yake buɗe wa ƙoda hanyoyin jini, musamman in jiki ya bushe. Ka toshe shi a kai, ka toshe shi a ƙoda. Sai gishirin ya rasa hanyar fita." Ta juya ga Salahuddin. "Da an ƙara jinkiri, da yanzu inji ne yake wanke maka jini. Na tsayar da litiyam sai ƙodar ta huta. Zan ba ka wani magani ya riƙe ka kafin nan, yana sa barci. Bayan haka zan mayar da kai kan naka kaɗan-kaɗan, ina duba jini. Amma da sharaɗi: ruwa da rana, kullum, har zafin nan ya wuce. In za ka yi azumi, ba zan rubuta maka shi ba."

"To kada ki rubuta," ya ce.

"Abu Amjad," Layla ta ce, don da sunan ɗansu na fari take kiransa. Bai dube ta ba.

"Na sha gishirinku ya busar mini da ido, ya kuma kayar da ni a gaban baƙi. Yanzu kuma ku ce in bar azumi dominsa. Na gode, Daktora. Allah ya saka."

"Ƙofata a buɗe take," Daktora ta ce. "Ka san abin da ke zuwa. Ka fi ni sani."

Da aka sallame shi ya koma azuminsa. Raksha kam ya rage fita da ita da rana, allura kuma ya bari. Maganin riƙon da aka ba shi ya sha sau ɗaya ya ajiye, ya ce yana sa shi gyangyaɗi a tsaye. Unguwa aka ce mata malariyar ce ta dawo. Hajji Adam ya zo dubiya da kankana, ya roƙe shi ya koma gaba in ya ji ƙarfi.

Ya koma. Da farko babu wani bambanci. Sannan wani dare a cikin suratu Yusuf muryar ta karye. Ina sahu na biyu, kuma ba zan yi ƙarya ba, ni ma na yi hawaye. Ina hawayen ina tunanin almakashi yana yanka, ana ɗinkewa da sauri, yana sake yanka, babu mai jinkirta shi. Ban san wanne daga cikin biyun ya fi gaskiya ba. Labari ya bazu. Kafin a shiga goman ƙarshe, sahu ya fita daga zawiya ya bi titi.

Layla ta same ni a ƙofar gida da safe zan fita. Ta ce ba ya barci, bayan asuba sai ya hau wanke raksha, ya wanke ta maƙwabta. Jiya ya ɗauki mutane wuni guda ya ƙi karɓar ko sisi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya Zubairu, na fara tattara wuƙaƙen."

A ranar Salahuddin ya ce shi zai kai ni kasuwa. Muka hau gada yana gudu, iska mai zafi tana dukan fuska, yana magana ba ya ko numfasawa: zai gina makarantar hadda, zai sayi raksha ya raba wa marasa aiki, ya gane wata ma'ana a suratul Kahfi da malaman tafsiri suka tsallake. Da muka sauka a Umdurman ya kashe inji ya juyo. Idanunsa suna ƙyalli, leɓunansa sun tsage.

"Ya dawo, Yaya. Ka ji shi jiya?"

"Na ji."

"Kada ka yi mini wannan fuskar. Na san abin da ke bayansa. Ina ganinsa kamar yadda nake ganin motar da ke tahowa a madubi. Amma ka bar ni in ƙarasa watan."

Na shiga shago na ɗauko gorar ruwan da nake zuba wa dutsen wasa almakashi, na miƙa masa. Na ce ya sha, mu wuce wurin Daktora, ga asibitin nan kusa.

"Ka mayar wa dutsenka," ya ce yana dariya. "Ya fi ni bukata." Ya tayar da inji ya tafi.

Ranar ban iya aiki ba. Na kwance kan wani keke na kasa mayar da shi. Na rufe shago da wuri na koma Hajj Yusuf, na sami sallar la'asar a zawiya.

Bayan an sallame mutane ba su watse ba. A tsakar zawiyar akwai bishiyar darbejiya, a ƙarƙashinta randuna a jere waɗanda ake cikawa da la'asar don ruwan ya yi sanyi kafin magariba. Nan dattawa suke zama suna jiran rana ta sauka. Hajji Adam ya kira Salahuddin ya zaunar da shi kusa da shi, ya ce ya yi magana da masu filin ƙwallo, za a mayar da salla can a goman ƙarshe, za a ɗauko lasifika manya, kuma bayan tarawihi za a ƙara tahajjud har sahur.

"Ammu Adam," na ce, don Ammu muke ce wa baffa, "yaushe zai yi barci?"

"Farfesa ya zo," in ji shi. Aka yi dariya. "Barci a goman ƙarshe? Kai dai da littattafanka, ko a Lailatul Ƙadari sai ka nemi shafi."

"Mutumin nan ba shi da lafiya."

"Ba shi da lafiya lokacin da yake shan ƙwayoyin nan. Ga shi ya bari, ga shi ya warke."

Salahuddin, wanda tun zamansa yake murmushi yana kaɗa ƙafa, ya tsaya.

"Waɗanne ƙwayoyi, Ammu?"

Hajji Adam ya dubi sauran dattawan, ya rage murya, amma ba yadda ba za su ji ba. "Ɗana, ni fa na saukar da kai daga kan gada bara. Na ga masu malariya tun kafin a haife ka. Malariya ba ta sa mutum ya yi wa direban tanka wa'azi. Mun sani, mun yi shiru, don rufin asirinka namu ne."

Babu wanda ya yi mamaki a cikinsu. Wani yana jan carbi, wani yana kallon ƙasa. Ashe duk ɓoyon da muka yi, mu kaɗai muke tsammanin ɓoyo ne.

"Kun sani," Salahuddin ya ce.

"Mun sani."

"Kuma ka ce in bari."

"Ban ce ka bari har abada ba. Bayan Salla ka koma ka sha abinka. Ka dubi samarin da suke cika titi, waɗanda ko Juma'a sai an ja su. Ni kaina, tun da Hajiya ta rasu idona bai taɓa jiƙa ba sai a bayanka. Abin da Allah ya ba ka ba naka ba ne kai kaɗai."

Na so in yi masa rashin kunya, amma na ga da gaske yake. Tsoho ne da ya sami wuri guda a duniya inda zai yi kuka, yana tsoron a rufe masa.

"Bara bayan Salla," Salahuddin ya ce, yana magana a hankali kamar mai riƙe linzamin harshensa da ƙarfi, "da na kwanta na juya wa bango fuska, wa ya zo?"

"Mun yi maka addu'a."

"Na gode. Wa ya zo? Layla ce take kwana a bakin ƙofar ɗaki don kada in fita ba ta sani ba. Yaya ne yake ba ni abinci a baki kamar jariri. 'Ya'yana suna leƙo ni ta taga suna tsoro. Kukan da kuke zuwa saurare, su suke ɗaukar abin da ya biyo bayansa. Na ɗauka ba ku sani ba. Na ɗauka in kun sani za ku kore ni daga gaba, shi ya sa na kusa kashe ƙodata. Ashe in kun sani lasifika za ku ƙaro."

"Ka yi hankali da bakinka, kana azumi."

"Ina yi, Ammu. Da ƙyar nake riƙe shi. Nan da 'yan kwanaki ba zan iya ba, kuma ka san haka, tunda ka taɓa gani."

Ya miƙe ya nufi randunan. Hajji Adam ya gane kafin kowa.

"Salahuddin. In ma dole ne, ka shiga gida. Mai uzuri ba ya yi a gaban jama'a."

"A gida zan riƙa yi daga gobe. Yau dai ku gani da idonku, don kada wani ya sake cewa malariya." Ya ɗage murfin randa. "Zan ja tarawihi in kuna so, da busasshen ido, ba kuskure ko ɗaya. In ba ku so, ku nemi wani, zan tsaya a sahun baya. Yaya, asibitin nan suna buɗewa da safe?"

"Suna buɗewa," na ce.

Ya cika moɗa, ya tsuguna a gindin darbejiyar, rana tana sama da rufin zawiya. Ya yi bismilla a bayyane ya kafa kai, ruwan yana gangarowa ta gemunsa zuwa wuyan jallabiya. Da ya shanye ya sake cikawa.